Kofi na Bakwai

Tun Laraba ruwa bai ɗauke ba.
A zauren taron ƙauyenmu, can arewacin Yorkshire,
an haɗa tebura, an shimfiɗa farin ƙyalle.
Mu uku ne alƙalai:
ni, da Maureen Clegg mai tabarau a goshi,
da wani yaro mai gemu daga Leeds
da ke shinshina kofi kamar ɗan sanda a bakin ƙofa.

Babu suna a jikin kofi, lamba kawai.
Na ɗaya salam.
Na huɗu ya fara tsami.
Na shida an ɗura masa furen hop har wuya,
giyar Amurka ce ta ari hular Ingila.
Na tauna busasshen biskit, na kurkure baki.

Sai na bakwai.

Na ɗaga shi saitin taga.
Launin tsohon kwabo da ya sha hannu,
garau, ina hango yatsana ta bayansa.
Kumfar siririya ce, ba ta da fankama,
amma duk inda ta sauka sai ta bar zane
kamar bakin labulen kakata.

Sanyin ɗakin ƙasa gare ta, ba na ƙanƙara ba.
A hanci: ɓawon burodin da ya kusa ƙonewa,
jiƙaƙƙen ganyen shinge,
ɓawon lemu da aka manta a aljihun kwat.

Na kurɓa.
Zaƙin tsiron sha'ir ya yi sallama, bai zauna ba.
Ɗaci ya biyo sawu, ba hayaniya,
ya san gidan, ya san inda ake ajiye kujera.
Ya share harshe ƙaf,
ya bar maƙogwaro yana tambayar saura.

Haka rigar babana take wari
in ya dawo daga gidan giyar da ke gindin gada,
kafin a rufe shi, a yanka shi ɗaki-ɗaki a ba 'yan haya.
Shekara arba'in ban ji wannan ba.
Na ajiye kofin. Na duba ruwan sama.

Amma alƙali ba ɗan kowa ba ne.
Na sake kurɓa, na riƙe, na fitar da numfashi ta hanci,
ga shi can ƙarshe, ya laɓe:
ɗan maiƙon man shanu.
Yisti bai gama shara ba aka raba shi da tsintsiya.
Sauri ya haifi nawa.

Zuciya ta ce hamsin.
Alƙalami ya ce talatin da tara.
Maureen ta ba da arba'in da biyu, ta lashe leɓe.
Mai gemu ya ce, ba ta da labari.
Na ce, yaro, wadda za ka sha kofi uku
kana musun ƙwallo ba ta sa maka baki ba,
ai ita ta iya zama da mutane.

Ta zo ta uku.

Da aka watse, wata ta tsaya a kaina,
takalmin roba, hannu duk tabon tafasasshen ruwa.
Bethan Ormerod, ta ce.
A tsohon ɗakin tatsar shanun kawunta take dafawa,
ganga huɗu a mako, ita da ƙaramar rediyo.
Takardata na hannunta.
A ƙasa na rubuta: ƙara mata kwana uku.

Na sani, ta ce.
Ranar Litinin na sani.
Amma gasa Asabar ce, kuma kuɗin wuta ba ya jira.

Ban sami abin cewa ba.
Na sa alƙalami a aljihu,
na je wajen famfo, na ƙirga kuɗina,
na ce a cika min babban kofi daga ganga ta bakwai.
Man shanun yana nan.
Na shanye.